Ƙugiyar da Na Gani Ban Yi Magana Ba

Utaibiyya, Makka.
Litinin, bayan azahar.

Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne ya raba ɗakina da naka, kuma tun ɗazu nake jin motsinka kana buɗe jaka kana rufewa. Allah ya tsare min kai a hanya, ya tsare ka a kan dutse da cikin ruwa, ya sauke ka Maroko lafiya, ya maido ka gaban ummanka da ƙafafunka biyu.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan babu abin da ya haɗa ni da kai sai sallama. Jirginka ranar Alhamis ne. Na duba na ga idan na ci gaba da jiran bakina ya buɗe, za ka tashi daga Jidda ban ce maka komai ba, shi ya sa na ɗauki biro. Na san Larabci ya fi maka sauƙin karatu, amma abin da ke cikina da Hausa ya shiga, da Hausa kuma zai fita. Ka bi a hankali, kada ka ba kowa ya karanta maka.

Ka gama sakandare, jami'a ba ta samu ba bana, ka ce ba za ka zauna shekara guda kana kallon waya ba. Da kanka ka nemo wannan makaranta: wata tara ana koya muku hawan dutse da igiya, tuƙa ƙaramin kwale-kwale, kwana a daji, da taimakon wanda ya ji ciwo nesa da asibiti, daga ƙarshe a ba ka shaidar cewa kai ma za ka iya jan mutane ka koya musu. Na sa hannu ban yi gardama ba, don a kan takarda abin bai ba ni tsoro ba. Sai ranar nan da la'asar na hau saman gida duba tankin ruwa, na tarar da igiya ɗaure a ƙafar tankin, ta bi ta kan katanga ta sauka. Na leƙa na gan ka rataye a jikin bango, ɗamara a ƙugunka, ƙannenka suna tsakar gida suna tafa maka. Na jira har ƙafarka ta taɓa ƙasa, sannan na sauko da wuƙa na yanka igiyar gida uku a gabansu, na faɗi maganganun da ba sai na maimaita ba. Ka dube ni ka ce, "Baba, kai da ka yi shekara ashirin a kan igiya, ni za ka hana?" Ga amsar, kuma doguwa ce.

Na zo garin nan daga Malumfashi ina da shekara ashirin da uku. Wanda ya karɓe ni shi ne Baba Ilu, wanda ka sani yanzu a kan keken guragu, wanda muke ɗauka kowace Juma'a zuwa Harami. A lokacin ƙato ne, mutumin Maraɗi, yana ɗaukar buhun siminti biyu yana hira. Shi ya kai ni wurin masu fentin gine-gine da wanke gilashin otal, ya tambaye ni a gaban shugaban ma'aikata ko na taɓa aiki a sama. Abin da na taɓa hawa a duniya bai wuce rumbu da bishiyar mangwaro ba, amma na ce na taɓa. Ina tsoron kada a ce in koma gida in jira.

Washegari aka sa mu, ni da shi, cikin akwatin ƙarfen nan da ake ratayawa da waya a jikin gini, a wani otal a Jarwal, aka ɗaga mu hawa na tara. Iska ta kaɗa akwatin ya bugi bango. Na dubi ƙasa na ga motoci sun zama kamar ƙwaro. Hannuwana suka kama ƙarfe suka ƙi saki. Ba na iya tsugunawa, ba na iya miƙewa, kuma nauyina duk ya koma gefe ɗaya har akwatin ya karkace da mu biyu. Baba Ilu bai yi min tsawa ba. Ya ce in dubi maɓallin rigarsa kawai, ya riƙa tambayata sunayen unguwannin garinmu ɗaya bayan ɗaya, yana sauke mu a hankali har ƙasa. Da muka sauka ya ja ni bayan motar kaya ya ce da na faɗa masa gaskiya, da ya ajiye ni a hawa na biyu mako guda babu wanda ya sani, amma ƙaryata ta kusa kashe mutum biyu, kuma ɗayan yana da iyali.

Za ka isa cikin yaran da suka tashi a ƙasashen tsaunuka da ƙanƙara, wasu tun suna ƙanana suke iyo a kogi. Kai ɗan Makka ne, ruwan da ka sani shi ne bakin tekun Jidda, iyakar gwiwa. Ranar da malami ya tambaya wa ya iya kaza, zuciyarka za ta ce ka ɗaga hannu don kada a raina ka. Kada ka ɗaga. Ka ce ban iya ba, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Dariyar da za a yi maka ba ta wuce yini guda. In tsoro ya kama ka a sama, shi ma ka faɗa tun yana ƙarami, kafin ya kai hannuwanka.

Shekarar da na auri ummanka, kawunta Yusufu ya zo umra daga Mai Wurno ta Sudan. Dattijo ne mai ciwon suga, ya haura sittin. Ya ce burinsa ya ga kogon Hira da idonsa kafin ya mutu. Kakarka ta wajen uwa ta hana, ni kuma sabon suruki mai neman a yabe shi, na ce a bar min shi, ni da nake hawa gini kullum dutse ba zai gagare ni ba. Mun shirya fita bayan asuba, mota ta ɓata mana lokaci, ba mu isa gindin Jabalun Nur ba sai da hantsi ya yi zafi. Nan ne ya kamata in ce mu bari sai gobe. Ban ce ba. Gora ɗaya ta ruwa na riƙe mana mu biyu.

Tun kafin mu kai rabi ya daina hira. Mutum ne mai yawan labari, amma ya yi tsit, ni kuma na ɗauka zikiri yake. Ya zauna a kan matakala ya tambaye ni ko mu koma. Na ce saura kaɗan. Muka ƙara gaba, ya sake zama, leɓensa ya yi fari kamar an shafa toka, na sake cewa saura kaɗan. Na san ba kaɗan ba ne, ina ganin ƙololuwar can sama da mutane kamar tururuwa. Abin da nake hangowa a raina shi ne mu koma gida in ce na kai shi. A karo na uku bai tambaya ba, sai kawai ya sulale ya kifa. Wasu alhazan Indunusiya ne suka zuba masa ruwansu, wata tsohuwa a cikinsu ta tura masa dabino a baki. Na goyo shi na sauko, ina jin numfashinsa a wuyana ina roƙon Allah kada ya tsaya. Ya kwana biyu a asibiti. Ya rayu, amma bai ga kogon ba, bai kuma sake samun dawowa ba har ya rasu. Da mun juya tun farko, da washegari da sanyin safiya na kai shi.

Aikin da kake nema ke nan, Halifa: mutane su ba ka jikinsu su bi bayanka zuwa inda ba su sani ba. Ba mai surutu da ƙorafi ne abin tsoro ba, wanda ya yi shiru shi za ka sa wa ido. Ka dubi leɓe, ka dubi yadda mutum yake ɗaga ƙafa. Kada ka taɓa ce wa wanda ya gaji saura kaɗan in ba kaɗan ɗin ba ne, domin da maganarka yake auna sauran ƙarfinsa. Kuma in ka ga ya kamata a juya, ka juya da su ko suna zaginka, ko malaminka zai rage maka maki. Duk lokacin da ka ji kana son kai mutane sama don a ce kai ne ka kai su, to a ranar ba ka cancanci jan kowa ba.

Akwai maganar takarda kuma, kada ka ce na cika maimaitawa. Na san nan aka haife ka, nan aka haifi ummanka, ba ka san wani gida ba sai wannan layin. Amma a wurin hukuma kai baƙo ne a ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zamana, kuma bizar fita da dawowa da na yi maka tana da ranar mutuwa. Na rubuta ranar a cikin murfin fasfonka, na rubuta a bangon ɗakina. Ni na taɓa wasa da irin wannan rana. Lokacin ummanka tana da cikinka wata huɗu na je Malumfashi ganin mahaifiyata. Zama ya yi daɗi, abokai suna zuwa gaishe da Alhaji, aka ce in tsaya bikin wani ɗan'uwa, kwana nawa ne. Na ɗaga tafiya sau ɗaya, na sake ɗagawa, na bar wa kaina kwana biyu kacal. Jirgin da na dogara da shi bai tashi ba. Na tsaya a filin jirgin Kano da jaka a hannu, bizata ta mutu.

Wata goma sha ɗaya na yi a waje. An haife ka ba na nan. Baba Ilu ne ya yi maka huɗuba a kunne, shi ya tsaya aka yanka ragon sunanka, shi ya riƙa zarya wurin kafilina, mutumin da nake zaune a ƙasar da sunansa, yana ba shi haƙuri har ya yarda ya sake aiko min da biza. Ranar da na fara ɗaukarka ka riga ka iya zama, ka dube ni ka fashe da kuka ka miƙa masa hannu. Don haka in an gama karatu, abokanka suka ce ku ƙara mako ɗaya ku ga wani dutse, ka tuna su ƙofar gidansu ba ta rufewa, taka tana rufewa. Ka dawo da sauran mako uku a hannunka, ba kwana biyu ba.

Na faɗa maka waɗannan ne don ka san wane ne Baba Ilu a wurina kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. Tun ɗazu nake kewaye shi.

Kana da shekara biyu. Watan Zulƙida ne, ana gaggawar gama fentin wani gini mai hawa biyar a Aziziyya kafin alhazai su cika shi. Ba a kawo akwatin ƙarfe ba, sigala aka kafa, wato ƙarafa da katakai a jikin bango. Kowa da ɗamararsa da igiya da ƙugiya, kuma akwai zoben ƙarfe da aka kafa a bango inda ake maƙala ƙugiyar. Da safen nan na ga Baba Ilu ya zuba wa fenti ruwa fiye da kima, na yi masa magana a gaban sauran ma'aikata. Ya yi dariya ya ce, "Habu, yau kuma ni za ka koya ma aiki?" Kowa ya yi dariya. Wasa yake, amma ni na ji kunya har cikin ƙashina, na ce wa kaina ba zan ƙara ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muna hawa na huɗu, ni da shi a kan katako ɗaya. Ya matsa zuwa tagar ƙarshe, igiyarsa ba ta kai ba. Maimakon ya dawo ya canja zobe, sai ya cire ƙugiyar ya maƙala ta a bututun ruwan da ya bi bango ya sauka. Tsohon bututu ne, ƙusoshinsa sun ci tsatsa, ni na yi fentin gefensa kwana ɗaya kafin nan na ji yana motsi. Na gani, Halifa. Ina kallonsa ya maƙala. Taku huɗu ne tsakaninmu. Bakina ya buɗe, sai maganar safe ta dawo min. Na ce babba ne, ya fi ni sanin aikin, shi ya koya min ɗaura ɗamarar ma. Na ce bari ya gama wannan tagar, in mun sauka cin abinci sai in faɗa masa a gefe, yadda ba zai ji nauyi ba. Na mayar da idona kan burushina.

Ban ƙara minti biyar ba na ji katakon ya motsa a ƙarƙashina. Bakin katakon na can gefen ya zame daga kan ƙarfe. Ni igiyata ta riƙe ni, na bugi bango na tsaya ina lilo. Shi tasa ta miƙe, bututun ya riƙe shi kamar ƙiftawar ido, sannan ya ɓalle daga bango ya bi shi. Ya faɗa kan rumfar kwanon shagon ƙasa, daga nan ya faɗo kan titi. Bai yi ihu ba. Har yau ƙarar kwanon nan nake ji in an jefar da wani abu a layinmu.

Da aka zo bincike aka tambaye ni ko na ga inda ya maƙala ƙugiyarsa, na ce baya na ba shi. Haka na faɗa wa matarsa Inna Hajo a ƙofar asibiti, haka na faɗa wa ummanka. Shi kuma da ya farfaɗo likita ya ce ƙashin bayansa ya karye ba zai sake takawa ba, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, ƙaddara ce ta same shi a kan gangancinsa. Na tsaya a gefen gado ina gyaɗa kai.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina ɗaukarsa daga gado zuwa keke, daga keke zuwa mota. Mutanen unguwa suna nuna ni suna cewa ga mai riƙon amana. Kai ma ka taɓa faɗa wa abokanka a gabana, kana alfahari. Duk lokacin da aka faɗa sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Ba na cewa ba na ƙaunarsa, ina ƙaunarsa fiye da ɗan'uwan da muka fito ciki ɗaya. Amma ni na san abin da nake biya da wannan ɗauka, shi bai sani ba.

Mu an tashe mu da kunya, kuma ban ce ka yar da ita ba. Ka ji kunyar malamanka a wurin zama, a wurin cin abinci, a yadda kake amsa kiransu. Amma da zarar an ɗaura igiya, babu babba babu yaro. In ka ga ƙullin malaminka bai yi ba, ka faɗa a take, a gaban kowa, ko da safen nan ya gwale ka. Kada ka jira a sauka. In kai ne ka yi kuskuren gani, ka sha dariya ka ba da haƙuri, kowa ya koma gida. Haka kuma in ka zama gwani, wani sabon shiga ya ce ɗamararka ba ta ɗauru ba, kada ka mayar da shi abin dariya ko da wasa. Ka tsaya ka duba, ka gode masa ko bai yi daidai ba, domin abin da ka yi masa a ranar shi zai sa ya yi magana ko ya yi shiru a wata ranar.

Game da tankin gidanmu: ƙafarsa ta hagu, wadda ka ɗaura igiyarka a jikinta, ta ruɓe daga ƙasa. Abin da ya hau da ni saman ke nan, zan duba ko za ta kai a kira mai walda. Ka je ka tura ta da ƙafa ka gani. Da na leƙa na gan ka rataye a jikinta, ban ga ɗana ba, Aziziyya na gani. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira ka sama in nuna maka tsatsar, in ce kafin ka yarda da kowane ƙarfe ka durƙusa ka dubi gindinsa, ka girgiza shi da dukkan ƙarfinka. Maimakon haka na wulaƙanta ka a gaban ƙannenka, har yau ba ka san dalili ba. Wancan karon shiru na yi, wannan karon hauka na yi, duka biyun ban faɗi abin da na gani ba. Ka yafe min. Ƙullinka kuwa na duba shi kafin in yanka, daidai yake, ya fi nawa kyau lokacin da nake shekarunka.

Sauran abubuwan ka san su. Sallarka kada ta zama abin da kake ɓoyewa ko abin da kake gori da shi. Ka tambayi lokacin tafiya tun da wuri ka tsara ta. Sanyin can ba irin na Ɗa'if ba ne, in yatsunka suka daina jin zafi ba sauƙi ka samu ba, ka faɗa wa wani. Za a tambaye ka kai ɗan ina ne, Saudiyya ko Najeriya, wani ma zai ce ba ka yi kama da ɗan Makka ba. Ka amsa a taƙaice ka ci gaba da aikinka. Ka kira ummanka duk lokacin da ka sauko inda waya ke kamawa, ko ba ka da labari. Na san ba yadda ka tafi za ka dawo ba, za ka zo da ra'ayinka da abubuwan da ka iya waɗanda ban iya ba. Ina roƙon Allah ya ba ni haƙurin saurarenka.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi damuna yanzu. Na ga ba daidai ba ne in faɗa maka wannan sirri alhali mai shi bai ji ba. Shekaranjiya Asabar bayan la'asar na je gidan Baba Ilu. Inna Hajo ta fita sayen burodi, ya rage ni da shi. Yana kwance yana jan carbi. Na zauna a ƙasa kusa da gadon na faɗa masa duka, tun daga fentin safe har zuwa abin da na gaya wa masu bincike. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, "Taku nawa tsakaninmu?"

Na ce huɗu.

Ya ce, "Mi ya sa sai yanzu?"

Na ce saboda yaron zai tafi hawan dutse, kuma ba zan iya yi masa nasiha da bakin da ke riƙe da wannan ba. Sannan ya ce shi ya maƙala ƙugiyarsa da hannunsa, wannan bai canja ba, amma shekara goma sha bakwai yana kwance yana ba kansa haƙuri da cewa babu wanda ya gani sai Allah, babu yadda za a yi a tsayar da abin. Yanzu na ƙwace masa wannan. Ya juya fuskarsa bango ya ce in tashi in tafi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ban san ko na yi daidai da na faɗa masa ba. Wataƙila nauyina na sauke a kan mutumin da ba ya iya tashi. Juma'a tana zuwa, ban san ko zai yarda in ɗauke shi ba.

Na dawo na faɗa wa ummanka. Ta yi kuka, sannan ta kawo min abinci ta zauna har na ci.

Yau da safe Inna Hajo ta kira ta. Ta ce Baba Ilu yana son ganinka ranar Laraba bayan la'asar, kai kaɗai, ban da ni. Ban san abin da zai ce maka ba. Zai iya sa maka albarka, zai iya ce maka kada ka tafi, zai iya faɗa maka wane irin mutum ne ubanka, kuma duk abin da ya faɗa yana da haƙƙin faɗa. Ka je. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Kada ka kare ni, kada ka roƙa min gafara, wannan tsakanina da shi ne. Ka saurara har ya gama. Ni zan kai ka, zan tsaya a cikin mota a bakin layi. In ka fito kana son magana, ina nan. In ba ka so, mu dawo gida shiru, ranar Alhamis in kai ka Jidda.

Ya Allah, ga ɗana nan zai fita daga hannuna zuwa inda idona ba ya kaiwa. Ka riƙe shi inda igiya ba ta riƙewa. Ka buɗe bakinsa a lokacin da ya kamata ya yi magana, ka ba shi zuciyar juyawa in juyawa ce alheri. Ka tsare duk wanda zai bi bayansa, kada ka sa ran kowa ya salwanta a hannunsa. Ka haɗa shi da malamai masu tausayi da abokai masu gaskiya, ka dawo mana da shi a kan lokaci, cikin lafiya da imani. Ka sassauta wa bawanka Ilu, ka sanyaya zuciyarsa ko ba don ni ba. Amin.

Na bar ka a hannun Allah, Halifa.

Mahaifinka,
Habu